Yadda za ka auna Yuni da Disamba a Legas, ka gwada da na 'yan'uwa a sauran duniya

Duk Bahaushen da ya daɗe a Legas ya san cewa lissafin yanayin da ya taso da shi a Arewa ba ya tafiya daidai a nan. A Kano ko Sakkwato an san bazara da ƙunarta a Afrilu, an san marka a Agusta, an san ɗarin Disamba da Janairu da ke sa a hura wuta da asuba. A Agege ko Idi-Araba kuwa, Disamba gumi ake yi da rana, Yuni kuma ruwa ne ba ƙaƙƙautawa. A ranar 21 ga Yuni ɗin nan guda, ɗan'uwanka da ke Landan zai ce maka tara na dare ta wuce rana ba ta faɗi ba, wanda ke Johannesburg zai ce sanyi ya hana shi fita sallar asuba ba riga mai kauri, alhajin da ke Makka kuma yana neman inuwa ido rufe.

Masu sha'awar yanayi a ƙasashe da yawa suna ware waɗannan lokuta biyu na shekara, kowa ya auna na garinsu, a haɗa a gwada. Mu ma muna da abin yin haka, don 'yan'uwanmu sun bazu daga Agadas har Guangzhou ta ƙasar Sin. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun farko shi ne abu biyu ne ake cakuɗawa. Akwai matsayin rana a sama, wanda lissafi ne da ba ya kuskure. Akwai kuma zafin da jiki ke ji, wanda teku da iska da gajimare da tudun ƙasa ke juyawa yadda suka ga dama. Legas na cikin garuruwan da suka fi nuna bambancin biyun a fili, shi ya sa aikin yake da daɗi a nan.

Tsayar da ranakun

Duniya a karkace take zagaya rana, karkatar da ta kai digiri 23.4. Wajen 21 ga Yuni arewacin duniya ne ke fuskantar rana sosai, sai yini ya kai iyakar tsawonsa a duk garin da ke arewa da layin Ikweta. Wajen 21 ko 22 ga Disamba abin ya juye, kudu ta karɓa. Kusancin duniya da rana ba shi ne dalili ba: a farkon Janairu ne ma duniya ta fi kusa da ita, kimanin kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma ta fi nisa, kimanin miliyan 152. Haska tocila a ƙasa a miƙe, sannan ka karkata ta, za ka ga hasken ya bazu ya yi rauni. Abin da ke faruwa da ƙasashen nesa da Ikweta ke nan a lokacin sanyinsu.

Kada ku tsaya kan yini ɗaya. Ku ɗauki mako guda, daga 18 zuwa 24 ga Yuni, sannan daga 18 zuwa 24 ga Disamba. Yini guda yana iya yaudara: hadari ɗaya ya isa ya sauke zafin Kano, hazo ɗaya ya isa ya canja safiyar Legas. Ga kuma wani dalili namu na nan, a Yuni sai a yi kwanaki ba a ga rana da azahar ba, don haka mako guda yana ba ka damar kama inuwa ko sau ɗaya.

Nemo abokan aiki

Mutum biyar ko shida sun isa, muddin sun warwatsu. Ka samu ɗaya a Arewa, Kano ko Katsina ko Maiduguri. In da hali a samu wani a Jos, domin tudunta da ya kai wajen mita 1,200 yana koyar da darasi na daban. Sai wani a Makka ko Madina ko Dubai, wani a Turai ko Kanada, kuma lallai a nemi ɗaya a kudu da Ikweta, kamar Afirka ta Kudu. Idan babu na kudu, rabin labarin ya ɓace.

Ku yarda tun farko cewa kowa zai yi awo da agogon garinsu, kuma zai rubuta da digirin Selshiyos. Wanda ke Amurka zai ga wayarsa na nuna 86 ko 90, wannan ma'aunin Farenhait ne. Ya cire 32, ya ninka da 5, ya raba da 9: 86 zai koma 30. A kula da agogon Ingila ma, a Yuni daidai yake da na Najeriya, a Disamba kuma yana baya da awa ɗaya. Makka tana gaba da mu da awa biyu, Guangzhou da awa bakwai.

Kayan aiki

Sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita ɗaya cif, tef ɗin tela, alli, zare da ɗan dutse a bakinsa don tabbatar da sandar ta tsaya daidai, gorar roba babba, rula, da littafi guda da ba za a yi wani rubutu a ciki ba. Abin da za a saya shi ne ma'aunin zafi na dijital, irin wanda ke riƙe mafi zafi da mafi sanyi na yini, yana kuma nuna laimar iska. Shagunan kayan lantarki suna da shi. Na kemis da ake sa wa mai zazzaɓi ba zai yi ba.

Inuwar tsakar rana

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ba baƙon abu ba ne a gare mu. Malamanmu na fiƙihu da inuwa suke sanin zawali, da ita suke sanin shigar la'asar, tun kafin agogo ya zo.

Nemi fili shimfiɗaɗɗe marar gangara, dandamalin siminti ko harabar masallaci ko saman bene, inda gini ba zai tare rana ba. Kafa sandar, ka rataya zaren a gefenta ka gyara har su daidaita. Sai ka fara sa alama da alli a bakin inuwar duk bayan minti biyar, daga 12:20 zuwa 1:10 in a Legas kake. Inuwar za ta yi ta gajarta, ta tsaya, ta fara tsawo. Mafi gajartar ita ce abin rubutawa, tare da lokacin da gefen da ta faɗa.

Kada ka tsaya jiran 12 daidai. A Legas rana ba ta kai tsakiya sai wajen 12:48 a Yuni, da 12:44 a Disamba. Dalili shi ne agogon Najeriya an ɗora shi kan layin digiri 15 gabas, Legas kuwa tana can yamma a wajen digiri 3.4, kuma kowane digiri minti huɗu ne. Kano tana digiri 8.5 gabas, don haka zawalinta yana riga na Legas da kimanin minti 20. Duk wanda ya taɓa kiran gida da azumi ya ji sun sha ruwa shi yana jira, ya san wannan a jikinsa.

Ga abin da ya kamata ka samu idan sandar ta tsaya daidai. Legas tana digiri 6.5 arewa da Ikweta. A Yuni inuwar sandar mita ɗaya za ta kai kimanin santimita 30, kuma kudu za ta faɗa, wajen teku, domin rana ta wuce mu ta yi arewa. A Disamba za ta kai wajen santimita 57, ta faɗa arewa. Kano, mai digiri 12, za ta ba da kimanin santimita 20 kudu a Yuni, da 71 arewa a Disamba. A Makka inuwar Yuni ba ta kai santimita 4 ba, ta Disamba kuma ta yi tsawon sandar kanta. Guangzhou tana dab da layin digiri 23.4, don haka a Yuni kusan babu inuwa ƙwaƙƙwara. Landan tana digiri 51.5: santimita 53 a Yuni, a Disamba kuma sai inuwar ta miƙe ta haura mita uku da rabi, kuma duk shekara arewa take faɗawa. Johannesburg ita ce kishiya, inuwarta kullum kudu, sama da mita ɗaya a Yuni, santimita 5 kacal a Disamba.

Idan naka ya sha bamban da waɗannan da santimita biyu ko uku, ba komai. Idan ya wuce haka, duba sandar, yawanci ita ce ta karkace, ko ƙasan na da gangara.

Wani abu da mazaunin Landan ba zai taɓa gani a garinsu ba, mu muna da shi sau biyu a shekara: ranar da inuwa ke ɓacewa da azahar. A Legas tana zuwa wajen 6 ga Afrilu da 6 ga Satumba. A Makka kuwa tana faɗowa 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan lokaci rana tana saman Ka'aba, duk wanda ya fuskance ta ya fuskanci alƙibla. Wanda ya kafa sanda don awon yanayi zai iya duba alƙiblar ɗakinsa da ita.

Tsawon yini

Wannan mai sauƙi ne. A Legas gine-gine da gajimare suna hana ganin fitowar rana, don haka ka ɗauki lokacin fitowa da na magariba daga jadawalin salla na gari, ka cire ɗaya daga ɗaya. Za ka samu kimanin awa 12 da minti 30 a Yuni, daga 6:33 zuwa 7:03, da awa 11 da minti 45 a Disamba. Tsakaninsu minti 45 ne kawai. Kano tana da wajen awa 12 da minti 50, da awa 11 da minti 25. Landan kuwa daga awa 16 da minti 38 take faɗowa ƙasa da awa 8, rana ta faɗi kafin huɗu na yamma. Waɗanda suka yi azumin 2016 a can, wanda ya kama daga farkon Yuni zuwa farkon Yuli, sun ɗanɗana wannan lissafi. A Tromso da ke arewacin Norway rana ba ta faɗuwa sam daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli, ba ta kuma fitowa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu.

Mai lura zai ga cewa magariba mafi sauri a Legas ba a Disamba take ba, tun a Nuwamba take zuwa, fitowar rana mafi jinkiri kuma sai wajen farkon Fabrairu. Lokacin zawali ne ke matsawa gaba da baya cikin shekara. Shi ya sa ake auna yinin gaba ɗayansa, ba magariba kaɗai ba.

Zafi da laima

A nan ake yawan ɓata awo. Ma'aunin da rana ta buga, ko aka jingina da bango, ko aka rataya ƙarƙashin rufin kwano, zafin kwanon zai faɗa maka. Ƙa'idar masu aikin yanayi ita ce a sa shi a inuwa, inda iska ke ratsawa, tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa. A gidan haya na Legas wannan yana da wuya, na sani, amma baranda mai iska ko ƙarƙashin bishiya za su wadatar. Nisanta shi da janareto, da murhu, da bayan na'urar sanyaya ɗaki. Tun da rana tana arewa a Yuni, kudu a Disamba, gefen da ke da inuwa a wannan karon yana iya zama cikin rana a karo na gaba, sai a duba.

Karanta shi sau biyu, shida na safe da uku na yamma, ka rubuta zafi da laima duka. Kada a kwafi abin da waya ta nuna. Lambar waya hasashe ne, ko awon wata tasha kamar ta filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja, ba na ƙofar gidanka ba. Idan kuna da mutum biyu a Legas, ɗaya a Agege ɗaya a Obalende ko Lekki, ku rubuta daban-daban, domin iskar teku takan sassauta wa na bakin ruwa da yamma.

Laimar nan kada a raina ta. Digiri 30 a Legas da laima sama da kashi 80 cikin ɗari ya fi gajiyar da jiki fiye da 34 a Kano lokacin hunturu, inda laimar kan sauka ƙasa da kashi 20 da rana. Gumi ne ba ya bushewa. Ina ba da shawarar kowa ya ƙara layi ɗaya na abin da ido ya gani: awa nawa wanki ya ɗauka kafin ya bushe, gishiri ya jiƙe ko bai jiƙe ba, takalmi ya yi funfuna, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Irin wannan bayani shi ke sa na Toronto ya fahimci abin da lambar take nufi.

Ruwa da hazo

Yanke saman gorar roba, ka kifa shi ciki ya zama mazurari. Gindin gora ba shimfiɗaɗɗe ba ne, don haka zuba tsakuwa, ka ƙara ruwa har ya rufe ta, ka ja layi a nan ya zama sifiri. Ajiye ta a fili, nesa da indararo, nisanta da bango ko bishiya ya kai ninki biyu na tsayinsu, ka tokare ta da bulo kada iska ta kayar. Kowace safiya ka auna abin da ya hau da rula, ka mai da ruwan kan layi. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya ta sauka a kan kowace murabba'in mita. Ka zaɓi gora mai zurfi, domin Yuni shi ne watan da ya fi ruwa a Legas, yakan kai milimita 300 ko fiye.

A Disamba gorar za ta zauna a bushe, sai a koma kan hazo. Zaɓi abubuwa uku da kake hangowa daga wuri ɗaya, kamar hasumiyar masallaci, turken sadarwa, da wani dogon bene. Auna nisansu da taswirar waya, sannan kullum da safe ka rubuta wanne ake gani, wanne ya ɓace. Ƙurar nan daga Sahara iskar arewa maso gabas ke kwaso ta, kuma kwarin Bodele da ke arewacin Chadi na cikin manyan tushenta. Takan rufe Maiduguri da Kano kafin ta iso nan, don haka na Arewa zai iya sanar da ku tana tafe. Wata shekarar hunturu ya sauko Legas da ƙarfi, wata shekarar ya ɗan leƙo ya koma. Rashin zuwansa ma abin rubutawa ne.

Karanta abin da kuka tara

Haɗa na kwana bakwai, ka raba da bakwai, kowane gari da nasa. Sai a jera. Abin da zai fara ɗaukar hankali shi ne Legas. Tana arewa da Ikweta, rana ta fi tsayi a Yuni, yini ya fi tsawo, amma zafin yamma yakan tsaya wajen digiri 29 ko 30, alhali a Disamba yana kai 32 ko 33. Iskar kudu maso yamma ce daga tekun Atlantika ke shigowa da gajimare ta rufe rana. Daga Yuli kuma ruwan teku mai sanyi yana tasowa daga ƙasa a gaɓar Gini, sai Agusta ya zama cikin watanni mafi sanyi, ruwa ma ya ɗan tsagaita. Zafin Legas na gaske sai Fabrairu da Maris.

Kano rabi da rabi ce. Darenta na Disamba yana sauka wajen digiri 13 saboda busasshiyar iska ba ta riƙe zafi, amma ƙololuwar zafinta a Afrilu take, damina ce ke karya shi kafin Yuni ya yi nisa. Makka ba ta da damina mai kawo sauƙi, shi ya sa zafin Yuni ke haura 40. A hajjin 2024, da ya faɗo tsakiyar Yuni, an auna digiri 51.8 a Masallacin Harami, mahajjata sama da 1,300 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Johannesburg tana kan tudun da ya kai mita 1,750, daren Yuni yakan kusanci daskarewa, Disamba kuma lokacin hadari ne da tsawa. Landan ma, ko da yake yininta mafi tsawo a Yuni yake, Yuli yakan fi zafi, domin ƙasa da teku suna ɗaukar lokaci kafin su ɗumama.

'Yan kasuwar Mile 12 sun daɗe suna karanta wannan lissafi a kwandon tumatir. Yuni lokacin tsada ne saboda na noman rani ya ƙare a Kadawa da Kura, daga ƙarshen shekara kuma motoci su fara sauke sabo. Idan akwai ɗan kasuwa a cikinku, ya rubuta farashin kwando a makonnin biyu, a gefen zafi da ruwa.

Kada ku yanke hukunci kan sauyin yanayi daga mako ɗaya. Masana da matsakaicin shekara 30 suke gwadawa, wanda ake aiki da shi yanzu na 1991 zuwa 2020 ne. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, za ku iya ajiye naku kusa da nata ku ga inda suka haɗu.

Akwai lissafi ɗaya na ƙarshe da za ka yi da na Kano. Zana sandar da inuwarta a takarda, ka haɗa kan sandar da bakin inuwar, ka auna kusurwar da ke sama da ma'aunin kusurwa na 'yan makaranta. A Disamba Legas za ta ba da wajen digiri 30, Kano 35 da rabi. Bambancin digiri 5.5 ne, kowane digiri kuma kilomita 111, wato Kano tana arewa da Legas da kimanin kilomita 610, ko da yake hanyar mota ta kai wajen 1,000 saboda Kano ta yi gabas, hanyar kuma tana lanƙwasa. Da irin wannan dabara wani masanin Girka mai suna Eratosthenes ya ƙiyasta kewayen duniya a Masar wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa, da inuwar Iskandariyya da ta Aswan. Raba 360 da 5.5, ka ninka da 610, za ka samu kusan kilomita 40,000. A Yuni ma lissafin yana fitowa, digiri 17 a Legas da 11 da rabi a Kano, amma Disamba ya fi sauƙi domin sama a buɗe take, inuwar kuma ta fi tsawo, kuskuren tef bai cika tasiri ba.